A Kakkaɓe Kafin a Jiƙa

Litinin, da hantsi

Auta ce ta ce in riƙa rubutawa, wai likita zai so ya san lokacin da numfashi ke tsananta. Ta kawo mini littafi irin wanda na yi shekara talatin ina bi da jan biro. To, numfashi: da safe dama-dama, in na taka zuwa kicin sai na tsaya na dafa bango kamar mai jiran mota. Na likita ke nan, sauran nawa ne.

Maigida ya karɓi wanki. Mutumin da tun da na aure shi ko hankici bai taɓa wankewa ba. Ina zaune bakin taga na ga ya kwaso kaya, fari da mai zuba, zai danna su cikin baho gaba ɗaya. Na ƙwanƙwasa gilas na ce, "A kakkaɓe tukuna, kafin a jiƙa." Ya ɗago ya sara mini kamar soja, ya ce, "An ji, Malama." Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Na saki labule na koma gado.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta abin da ya faru a asibiti makon jiya, ko zai daina zaga mini kai.

Maigida bai shiga ba. Shi da warin asibiti ba sa ga maciji, in ya ga allura sai ya fara neman kujera. Ya zauna a mota, ni da Auta muka shiga. Likita ya ɗora hoton ƙirjina a kan fitila, ya ce ɗan naman da suka yanka ya nuna ciwon daji ne, ba a cikin huhun ba, a siririyar fatar da ta lulluɓe shi. Ya faɗi sunansa, mesotiliyoma, na sa ya rubuta mini, don ni kalmar da ban ga harufanta ba ban yarda da ita ba.

Ya ce, "Mama, wane aiki kika yi?"

Na ce koyarwa, aji uku, har na yi ritaya.

Ya ce, "Kin taɓa zama kusa da masana'anta? Wannan ciwon kusan kullum ƙurar asbestos ce ke kawo shi, abin nan da ake yin silin da shi. Takan kwanta a ƙirji shekara talatin, arba'in, ba ta ce uffan ba."

Auta ta ce, "Babanmu dai ya yi aiki a kamfanin silin. A kan injin yanka yake."

Likita ya ajiye biro. Ya ce, "Wa ke wanke masa kayan aiki?"

Ban amsa ba, shi ma bai maimaita ba. Ya ce akwai maganin da ke rage wa ciwon gudu, bai ce yana tsayar da shi ba, kuma na lura da hakan. Ya ƙara da cewa shi ma Maigida ya kamata a ɗauki hoton ƙirjinsa. A bakin ƙofa na riƙe hannun Auta na ce ta rantse ba za ta gaya wa Babanta maganar kayan aikin ba. Ta rantse tana kuka, tana hararata.

Da muka shiga mota ya ce, "Me suka ce?" Na ce ciwon daji ne, kuma ƙura ce ta kawo shi. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ba ƙarya a ciki.

Laraba, da safe

Yau ma ban faɗa ba.

Alhamis, da yamma

Ya gano mai laifi. Alli.

Da shayi ya shigo, ya zauna bakin gado, ya ce shi tun da can ya san za a rina. Shekara talatin ina tsaye gaban allo ina shaƙar farin abu, ina dawowa gida da shi har a gira. Ya ce, "Kin tuna yadda kike atishawa in kin goge allo? Ni na sha gaya miki ki sa yara su goge." Bai taɓa gaya mini ba, amma na bar shi. Ya zagi alli, ya zagi mai yin alli, ya zagi hedimasta da ba ya sayen mai kyau. Har jijiyar wuyansa ta tashi, na ce ya je ya sha maganin hawan jininsa.

Na so in yi dariya, tari ya hana ni. Mutumin da yake dawowa gida fari fat tun daga gashi har takalmi, shi ne yake tuna ɗan allin da ke girata. Bai haɗa biyun ba, kuma ba wauta ba ce. Aikin nan shi ne abin alfaharinsa. Har yau in baƙo ya zo sai ya ɗaga masa yatsa sama ya ce duk silin unguwar nan ta hannunsa ya bi. Aikin ne ya gina gidan nan, ya kai yara makaranta. Ta ina zan fara ce masa shi ne kuma ya kwantar da ni?

Tsoro nake ji. Ba na abin da likita bai ƙarasa faɗa ba, wannan na ajiye shi gefe tukuna. Fuskarsa nake tsoro.

Asabar, da hantsi

Numfashi: ba daɗi. Matashi uku a bayana.

Ina ta tuna yammacin wancan lokacin. Ƙarar kekensa ake fara ji, yara su kwasa da gudu, ni kuma in tare ƙofa da hannu biyu: "Kada wanda ya taɓa Babanku sai ya tuɓe." Ba don na san komai ba, tsabar ƙyamar datti ce, har surukata takan ce da za a ba ni dama da na wanke ƙasar tsakar gida. In kora su ɗaki in ja ƙofa. Shi ya tuɓe shuɗin kakin aikinsa a tsakar gida, ya miƙo mini, ya shige banɗaki yana waƙa da muryarsa mai kama da tsohon famfo.

Surukata ce ta koya mini, Allah ya jiƙanta, kuma gaskiyarta ce a wajen wanki. Ƙurar silin in ta sha ruwa takan zama kamar siminti, ta cinye sabulu, ta toshe magudana. Don haka sai a kakkaɓe ta a bushe tukuna. In kama kakin ta kafaɗa, in buga shi a iska har sai ya daina hayaƙi, in juya aljihu, in zazzage naɗin ƙafar wando, a nan ta fi taruwa. In rana ta karkato sai ka ga ƙurar tana walƙiya a iska, har kyau take ba ni. Daga nan in share wurin, a bushe shi ma.

Duk matan ma'aikatan haka muke yi. Wadda ta jiƙa ba ta kakkaɓe ba ita ce ƙazama, da ita ake gulma.

Abu ɗaya nake riƙe da shi kamar carbi: yaran suna ɗaki. Kullum suna ɗaki, ƙofa a rufe.

Talata, bayan la'asar

Mun je wurin lauya. Wata nas ce ta ba Auta lambarta, ta ce ta saba da irin wannan shari'a. Maigida na ce masa awon jini za mu je.

Ofishinta a bene yake. Na dubi matakalar, matakalar ta dube ni. Auta ta hau ta faɗa mata, sai ga lauyar ta sauko da kanta, riƙe da kujerar roba, muka zauna a shagon mai buga takardu da ke ƙasa, injinsa yana ta hura mana zafi. Yarinya ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba, amma ba ta yi mini muryar gaisuwar mara lafiya ba, kuma na gode mata a zuciyata.

Ta ce kamfanin ya daɗe da rufewa, amma wanda ya saye shi ya saye shi ne har da alhakinsa. Ta ce abin da za a nuna shi ne masu kamfanin sun san haɗarin ƙurar, suka bar ma'aikata suna tafiya da ita gida, ba wurin wanka, ba wurin canza kaya, ba ko gargaɗi. In an yi nasara, maganin da likita ya ambata ba zai gagara ba. Na tuna jiya na ji Maigida a waya yana tambayar wani dillali yadda ake sayar da gida.

Ta ce abu uku take buƙata. Rahoton likita. Bayanina a gaban kyamara, kuma da wuri, "tun muryarki tana da ƙarfi, Mama." Ta faɗe shi tana kallon idona. Na uku, shaidar mijina.

Na ce a bar na ukun.

Ta ce, "Mama, ke ba ki taɓa taka ƙofar kamfanin nan ba. Shi ya taka. Shi zai faɗi shekarun da ya yi, da injin da yake kai, da yadda yake fitowa. In babu shi, za su ce a wani wuri kika shaƙa."

Na ce, "To su ce alli ne."

Ba ta gane ba. Auta ta gane, ta tashi ta fita waje.

Laraba, da safe

Ni da Auta mun yi ta. A kicin, murya ƙasa-ƙasa, shi yana waje yana shanya.

Ta ce, "Mama, ba shi kike karewa ba, kanki kike karewa daga ganin kukansa."

Na ce ta iya bakinta, ni na haife ta.

Ta ce, "Shi ma fa huhu gare shi. Shi ya tsaya a kan injin. Likita ya ce a ɗauki hotonsa, ta yaya zan kai shi ban gaya masa dalili ba? In akwai abu a ƙirjinsa yana girma muna nan muna zagin alli fa?"

Sai na ce mata miyar ta yi gishiri. Ta ce rantsuwar da ta yi tana nan, ba za ta karya ba, amma ta sani ni na sa ta, kuma ba ta yafe ba tukuna. Halina ne sak a bakinta, shi ya sa ya fi zafi.

Tun lokacin nake kasa kunne in yana tari. Sau biyu ya yi, wataƙila ruwa ne ya sarƙe shi.

Juma'a, da yamma

A asibiti sun sake zuƙe ruwa daga ƙirjina. Kalarsa kamar shayin da ba madara. Na samu sauƙi, har na ci abinci a zaune.

Yau ma ban faɗa ba.

Asabar, da azahar

Lauya ta kira Auta. Ta ce doka ma tana da wa'adinta, amma ba wa'adin doka ne ya fi damunta ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ashe kwana biyun nan da yake fita, gidajen tsofaffin malaman makarantarmu yake bi. Wai zai tara su a kai kukan alli gaban hukuma. Ya dawo a gajiye, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Malama, abin da ɗaure kai. Hedimasta na nan da tumbinsa, har ya ƙara. Malamar aji biyar, wadda ta riga ki fara aiki, na same ta tana faɗa da jikokinta, ana jin muryarta daga titi. Ba mai ko tari a cikinsu."

Na ce jiki da jiki ba ɗaya ba ne.

Ya ce haka ne. Ya daɗe yana juya hular. Ya buɗe baki, sai ya ce ko in sha shayi. Wannan ce damar, a tafin hannuna aka ajiye mini ita. Na ce a sa sukari kaɗan.

Litinin, gab da magariba

Auta tana wurin aiki, shi ya je kemis da takardar magani. Tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba, sai da rana ta kusa faɗuwa ya dawo. Sallamarsa ko kyanwa ba za ta tada ba. Ya ajiye ledar a kan tebur, ya ce kansa ke ciwo, bai ci abinci ba. Ina jin sa a tsakar gida yana zaune, ba rediyo.

Talata, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Ya fito da wanki kamar kullum, ni ina bakin taga. Tun ranar da na yi masa magana, ba ya tsoma ko ɗankwali sai ya buga shi a iska, har da ƙari, don ya ba ni dariya. Yau ya ɗauki zanena da hannu biyu, a hankali, ya kwantar da shi a kan ruwa kamar mai yi wa jariri wanka. Ya danna shi har ya nutse. Ya ɗauki na biyu, haka. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa gilas, hannun ya tsaya a iska. Ya ɗago muka haɗa ido.

Ya shigo hannunsa yana ɗigar ruwa, ya tsaya bakin ƙofa, bai zauna ba.

Ya ce, "Mai kemis ya karanta sunan ciwon a takarda. Ya ce a wane kamfani kika yi aiki da asbestos. Na ce masa ke malama ce. Ya ce, to wani a gidan."

Na ce, "Zo ka zauna."

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da kake mota."

"Kika bar ni ina yawo gida-gida ina zagin alli."

Na ce, "Alli ba shi da hawan jini."

Bai yi dariya ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa jikin ƙofa, tsoho da shi. Ya ce, "Yaran fa?"

Na ce, "Suna ɗaki. Kullum ina rufe su, ka sani."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ni kuma ina ina?"

Na so in yi ƙarya, ban samu wadda zan yi ba. Na ce, "Kana banɗaki kana waƙa."

Abin da nake gudu makonnin nan, na gan shi. Bai kashe shi ba, ni ma bai kashe ni ba, amma ba zan rubuta yadda fuskarsa ta yi ba. Na sauko daga gado, da kyar, na zauna kusa da shi a ƙasa. Na ce masa ba shi ya yi ƙurar ba, ba shi ya hana a gina wurin wanka a kamfani ba, shi abinci ya je nema mana. Na ce akwai waɗanda suka sani suka yi shiru, kuma akwai wata yarinya mai kujerar roba da take so ta tambaye su dalili, amma ba za ta iya ba sai da shi. Na gaya masa maganar hoton ƙirjinsa ma.

Ya ce, "Ba za a sayar da gidan ba ke nan?"

Na ce ban sani ba, shari'a ce.

Ya ce, "Ko za a sayar, zan je in faɗa."

Auta ta dawo ta same mu a ƙasa mu biyu, ba mai iya tashi, shi gwiwa ni numfashi. Ta dube mu, ta ajiye jaka, ta fara ɗaga Babanta.

Alhamis, bayan azahar

Lauya ta zo gida da mai kyamara. Na sa Auta ta ɗaura mini ɗankwali mai kyau, ba za a nuna ni a kotu kamar wadda aka tsamo daga rijiya ba.

Na yi bayanina, ina hutawa tsakani. Maigida ya yi nasa, ya sa babbar rigarsa, ya faɗi shekaru da sunan injin da yadda ƙura ke rufe fitilar ɗakin yanka har sai an goge ta da tsakar rana. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Sau ɗaya ya ɗaga ido ya dubi silin ɗinmu, ya sauke, bai nuna shi da yatsa ba. Lauya ta ce za ta turo masu duba silin ɗin, kada a huda shi, kada a kankare.

Daga nan ta miƙo mini tawul, ta ce in nuna yadda nake kakkaɓewa. Na kama shi ta gefe biyu, na ɗaga, na buga sau ɗaya, tari ya turnuƙe ni. Ta juya wurinsa ta ce, "Baba, ko kai za ka nuna mana yadda take yi?"

Ya ce, "Ban taɓa gani ba, 'yata. Ji nake yi." Sa'an nan ya tafa hannu a hankali, fat, fat, fat, daidai yadda kakin ke ƙara, har da ɗan tsayawar da nake yi in juya aljihu. Ya ce, "Ina cikin wanka nake jin sa. In na ji wannan ƙarar, na san na iso gida. Shi ya sa nake waƙar."

Mai kyamara ya sunkuyar da kai. Lauya ta ce ya isa haka.

Juma'a, da safe

Numfashi: kamar jiya, bai ƙaru ba.

Yau za a ɗauki hoton ƙirjinsa. Tun asuba yake cewa wai ba sai na wahalar da kaina ba, Auta ta isa. Na ce masa ya nemo mini takalmina. Wannan karon ba mai zama a mota, tare za mu shiga, in ya ga allura ya riƙe hannuna.